Malam Abdullahi Mai Bodinga: Malamin da Ya San Yadda Kai Yake Ɗaukar Karatu

Ƙungiyar 'Yan Jarida ta makaranta tana yi muku barka da sake saduwa a filinmu na tarihin magabata. A wannan fitowa mun zaɓo mutumin da ba sai mun yi doguwar tafiya ba kafin mu taka inda ya taka, wato Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, wanda ake wa laƙabi da Mai Bodinga, ake kuma ce masa Mai Gwandu.

Ga dalilin da ya sa muka zaɓe shi. Jarrabawa tana ƙaratowa, kuma kullum sai mun ji wani daga cikinmu yana cewa kansa ba ya ja, har wasu sun fara maganar ajiye karatu. Za ka ga ɗalibai biyu a benci ɗaya, malaminsu ɗaya, littafinsu ɗaya, amma sakamako ya sha bamban. Sau da yawa bambancin yana faruwa ne a cikin kai: yadda aka mai da hankali, yadda aka tsara abin da za a riƙe, yadda ake komawa kansa, da kuma halin da zuciya take ciki lokacin aiki. Duk wanda ya bi rayuwar Malam Abdullahi zai ga mutumin da ya san waɗannan abubuwa, ya yi aiki da su a kan kansa, sannan ya yi aiki da su a kan almajiransa.

Tasowarsa

An haifi Malam Abdullahi a ƙasar Gobir a wajen shekarar 1766, kimanin shekara 12 bayan haihuwar wansa Shehu Usmanu. Mahaifinsu Muhammadu Fodiyo malami ne daga Fulani Toronkawa, mahaifiyarsu kuma Hauwa'u. A wajen mahaifinsa ya karanta Alƙur'ani. Da ya kai shekara 13 sai aka danƙa shi a hannun wansa, ya zama shi ne malaminsa kuma mai tarbiyyarsa a Ɗegel.

Shi da kansa ya rubuta mana jerin malamansa da littattafan da ya karanta, a cikin wani ɗan littafi mai suna Ida'un Nusukhi, wanda ya kammala a 1812. A fannin nahawu ya karanta Ajurumiyya da Mulha da Ƙaɗrun Nada. A fiƙihu ya karanta Ahalari da Ishmawi da Risala. Ya karanta Ishiriniya da Witiriyya da waƙoƙin mawaƙan Larabawa na kafin Musulunci, da littattafan tauhidi na Imam Sanusi. Tafsiri kuwa ya ɗauke shi a wajen Shehu daga Fatiha har ƙarshe, ba sau ɗaya ba. Daga baya ya zauna gaban wasu manyan malamai, kamar Malam Jibrila ɗan Umaru, da Alhaji Muhammadu ɗan Raji wanda ya karanta Sahihul Buhari a wajensa.

Ku lura da tsarin. Kowane fanni an faro shi daga ƙaramin littafi, sai wanda ya ɗara shi, sai babba. Ƙaramin yana kafa turaku a cikin kai, babban kuma ya zo ya tarar da wurin da zai ɗaure abin da ya kawo. Sabon ilimi ba ya zama sai ya sami tsoho ya jingina da shi. Shi ya sa ɗalibin da bai riƙe jadawalin sau ba yake shan wahala a aljabara: rabin hankalinsa yana wajen neman bakwai sau takwas, rabin da ya rage kuma bai isa ya bi bayanin malami ba. Irin wannan ɗalibi ba daƙiƙi ba ne. Tsani ne ya tsallake wa mataki.

Amsar da aka ba da nan take

Tun yana saurayi Malam Abdullahi yake bin wansa yawon wa'azi zuwa Kabi da Zamfara, inda suka shafe kusan shekara 5. A lokacin zamansu na Zamfara ne wani malami mai suna Mustafa Gwani ya aiko wa Shehu da baitoci, yana sukar yadda mata suke halartar wa'azinsa. Shehu ya umarci ƙanensa ya mayar da amsa. Malam Abdullahi, wanda a lokacin bai wuce shekara ashirin da kaɗan ba, ya amsa da waƙar Larabci a kan irin awon da aka aiko da shi, ya nuna cewa barin mata cikin jahilci shi ne ya fi muni. Wannan magana ta shafi 'yan uwanmu mata da ke cikin azuzuwanmu a yau kai tsaye.

Abin da ya ba shi damar yin haka shi ne ƙa'idojin nahawu da awon waƙa sun riga sun zauna masa, ba ya tsayawa nemansu. Hankalinsa duka ya tafi kan hujja. Haka magini gwani yake hira yana jera bulo, haka tela yake taka keke ba ya duban ƙafarsa. Abin da aka maimaita har ya zama jiki ba ya cin hankali, sai hankalin ya sami sararin yin aikin da ya fi wuya.

Me ya sa yake waƙe ilimi?

Da yawa daga littattafan Malam Abdullahi baitoci ne. Ya waƙe ilimin tafsiri a Miftahut Tafsir. Ya waƙe sarfu, wato ilimin ginin kalma, a Hisnur Rasin mai baiti kusan 1,000. Ya waƙe nahawu a Bahrul Muhiɗ mai baiti sama da 4,000. Ya waƙe ilimin hadisi a Misbahur Rawi. A zamaninsa da hannu ake kwafar littafi, takarda kuma sai an ƙetaro da ita hamada, saboda haka almajiri dole ne ya ɗauki laburarensa a ka.

Masana halayyar ɗan Adam na zamani sun yi bayanin abin da ya sa wannan dabara take ci. Sun ce ƙwaƙwalwa tana da ma'aji iri biyu. Ɗaya kamar rumbu yake, yana cin kaya masu yawa kuma yana ajiye su shekara da shekaru. Ɗayan kamar faifai yake, a kansa ake aikin yanzu-yanzu, kuma ɗan kaɗan yake ɗauka. A 1956 wani masani a Amurka mai suna George Miller ya nuna cewa faifan nan ba ya riƙe fiye da abubuwa bakwai ko kusa da haka a lokaci guda, amma idan aka ɗaure ƙananan abubuwa dami-dami, kowane dami sai ya zama kamar abu ɗaya. Shi ya sa lambar waya mai alƙaluma 11 take mana wuya a dunƙule, amma da mun raba ta huɗu, uku, huɗu sai ta zauna.

Baiti dami ne. Yana ɗaure ƙa'ida biyu ko uku wuri guda. Awonsa yana gaya maka in ka ci wata kalma, amsa-amonsa kuma yana janyo maka baitin da ke biye. Malam Abdullahi ya yi wannan aiki sama da shekara 150 kafin binciken Miller.

Dabarar ba ta mutu ba a yankinmu. Marigayi Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin Shagari a 1925, ya kuma shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, malamin makaranta ne kafin ya shiga siyasa. Ya tsara Waƙar Nijeriya don yara su riƙe labarin ƙasa: garuruwa, koguna da al'ummomi. Tsakanin Bodinga da Shagari tafiya ce 'yar kaɗan a kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, kuma malaman biyu, duk da nisan zamaninsu, abu ɗaya suka gano game da kan ɗalibi.

Allo da mantuwa

Akwai darasi na biyu a irin karatun da Malam Abdullahi da tsararrakinsa suka taso a kai, wanda mafi yawanmu mun ɗanɗana a makarantar allo. Ana rubuta maka, ka karanta, ka biya wa malam ba tare da duba allo ba, sannan a ce ka wanke. Bayan an wanke ba a bar shi ke nan ba, ana komawa kansa da tilawa.

A 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa. Ya riƙa haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, yana auna abin da ya rage masa bayan wani lokaci. Ya gano cewa mafi yawan mantuwa tana faruwa ne a cikin awoyin farko da kwanan farko, daga nan sai ta rage gudu. Ya kuma gano cewa maimaitawar da aka rarraba a kan kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya amfani. Masana da suka zo bayansa sun ƙara da cewa ƙoƙarin tuno abu da ka, littafi a rufe, ya fi sake karanta shi ƙarfafa riƙo.

Biya allo tuno abu ne da ka. Tilawa kuma maimaitawa ce a rarrabe. Mu da muke da wannan gado a gida, sai ga shi mun zo boko muna tara karatun zango guda a daren jarrabawa, muna ta bin layi da ido har littafin ya yi mana kama da abin da muka sani. Gane abu in an gan shi daban, fitar da shi daga ka a zauren jarrabawa daban.

Malami a fagen fama

A watan Fabrairun 1804 Shehu da jama'arsa suka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, bayan da dangantaka ta ɓaci tsakaninsu da Sarkin Gobir Yunfa. A watan Yunin shekarar aka gwabza a Tafkin Kwatto, kuma Malam Abdullahi ne ya jagoranci rundunar jama'a. Rundunar Gobir ta fi su yawa, tana da barade masu lifidi, su kuwa mafi yawansu 'yan baka ne a ƙasa, dawakinsu ƙalilan. Da aka matsa gefunansu biyu sai suka dunƙule a tsakiya suka tsaya, har Allah ya ba su nasara. A 1805 kuma shi ne ya jagoranci cin Birnin Kabi.

Jarrabawa ba yaƙi ba ce, amma tsoro iri ɗaya yake aiki a cikin kai. Yana hawa faifan nan ya cinye wuri, sai mutum ya nemi abin da ya sani ya rasa. Ɗan fargaba kaɗan yana farkar da mutum, mai yawa kuwa yana daskarar da shi. Abin da yake tsira a irin wannan hali shi ne wanda aka riga aka saba da shi, da kuma sanin dalilin da ya sa aka tsaya a wurin.

Lokacin da zuciya ta ƙi aiki

Shekarun da suka biyo baya sun yi tsanani. A Tsuntsuwa, ƙarshen 1804, an rasa mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. A Alwasa, a 1805, an sake yin babban rashi. Abokan karatunsa da yawa sun tafi, kuma ya ga wasu daga cikin waɗanda suka rage sun karkata ga neman mulki da dukiya. Abin ya dame shi ƙwarai. A wajen 1807 ya bar runduna tare da 'yan mutane kaɗan, ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka.

Da ya isa Kano, a zamanin Sarki Sulaimanu, mutanen gari suka riƙe shi, suka roƙe shi ya rubuta musu abin da za su tafiyar da mulki da shari'a a kansa. Nan ya rubuta Liya'ul Hukkam, ya kuma karantar da tafsiri. Daga baya ya komo gida ya ci gaba da aikinsa.

Wannan ya nuna mana cewa ko gwani yana iya tsayawa cak idan zuciya ta cika. Iliminsa bai ragu ba a wannan shekara, amma ya kasa ci gaba da aikin da ya ga an sauya masa manufa. Da ya sami aikin da ya yarda da shi, ƙarfinsa ya dawo. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suka ce kada alƙali ya yanke hukunci yana cikin fushi, ko yunwa mai tsanani, ko gyangyaɗi. Shi kansa Malam Abdullahi ya rubuta littattafai kan gyaran zuciya, kamar Tahzibul Insan, inda ya yi magana kan cututtuka irin su girman kai da hassada da riya. Muna roƙon malamanmu, in sun ga ɗalibi mai ƙoƙari ya yi sanyi farat ɗaya, su fara da tambayarsa abin da ke damunsa.

Shekarun Bodinga

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Shehu ya koma Sifawa da zama a wajen 1810, Malam Abdullahi kuma ya zauna a Bodinga, kusa da shi. A 1812 Shehu ya raba ɗawainiyar daula: gabas a hannun ɗansa Muhammadu Bello, yamma a hannun Malam Abdullahi. Duk da wannan nauyi, a cikin shekarun nan ne ya kammala Ida'un Nusukhi a 1812, da Tazyinul Waraƙat a 1813, inda ya tattara waƙoƙinsa tare da bayanin abubuwan da suka faru. A 1816 ya kammala babban tafsirinsa, Liya'ut Ta'awil, wanda aka buga a Alƙahira a 1961 cikin mujalladi 4.

A nan akwai abin da ya fi burge mu. Tafsirin ya yi zurfi: yana kawo ƙira'o'i daban-daban, da saɓanin mazhabobi, da bayanin nahawu da balaga. Malam Abdullahi ya lura cewa ya fi ƙarfin ɗalibai da yawa. Bai ce laifinsu ba ne. A 1822 ya fitar da Kifayatu Lu'afa'is Sudan, tafsirin da ya taƙaita a kan ruwayar Warshu da mutanen ƙasar nan suka saba da ita, da mazhabar Malikiyya da suke bi. Ya rage kayan da ke kan faifai don mai koyo ya iya ɗauka. Haka ya yi wa Miftahut Tafsir, ya taƙaita shi a Sulalatul Miftah. Yana rubuta fanni ɗaya sau biyu, ɗaya don wanda ya yi nisa, ɗaya don wanda ya faro.

Ƙofar da aka rufe

Shehu ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a can a watan Afrilun 1817. Malam Abdullahi yana Bodinga lokacin. Kamar yadda masana tarihi suka kawo, da ya iso Sakkwato ya tarar an rufe ƙofa, an riga an yi wa Muhammadu Bello mubaya'a. Ya juya, daga baya ya tare a Gwandu. An ɗauki wasu shekaru akwai sanyin dangantaka tsakaninsa da ɗan wansa.

Da mutanen Kalambaina suka yi tawaye, abin ya yi wa Gwandu nauyi, Sarkin Musulmi Bello ya zo da runduna ya taimaki baffansa. Bayan nasara Malam Abdullahi ya yi masa mubaya'a, aka dinke ɓaraka. Daga nan ya bar yawancin harkokin mulki a hannun ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Buhari, ya fuskanci karantarwa da rubutu. Kifaya da Bahrul Muhiɗ duk 'ya'yan wannan lokaci ne. Hankali guda ɗaya ne, kuma wurin da ƙullaci ya zauna, karatu ba ya samun wurin zama.

Malam Abdullahi ya rasu a Gwandu a shekarar 1245 ta Hijira, daidai da 1829, kuma a can kabarinsa yake. Ya bar littattafai sama da 100, ana karanta su har yau a zaurukan malamai da jami'o'i.

Abin da za mu gwada a wannan zango

Ga shawarar ƙungiyarmu, kuma mu ma za mu bi ta. Duk darasin da ya gagare ka, koma mataki ɗaya baya ka nemo abin da ka tsallake, ko da a littafin ajin ƙasa ne. Duba darasin yau a yau ɗin, kafin mantuwa ta yi aikinta, sannan ka koma kansa bayan kwana biyu, da kuma ƙarshen mako. Ka rufe littafi ka biya wa abokinka kamar yadda ake biya allo, shi ma ya biya maka. Abin da yake da jeri, kamar matakan narkewar abinci ko sunayen jihohi, ɗaure shi dami-dami, in ka iya ma ka waƙe shi. Lokacin karatu a ajiye waya nesa, domin faifan ba ya ɗaukar abu biyu. In kuma akwai abin da ya tsaya maka a rai, nemi malami ko babba a gida ka gaya masa.

Duk ajin da ya tsara baitoci a kan wani darasi na kimiyya, lissafi ko labarin ƙasa, ya miƙa wa sakataren ƙungiya kafin Alhamis mai zuwa. Za mu liƙa waɗanda suka fi kyau a wannan bango.

Allah ya jiƙan Malam Abdullahi da sauran magabatanmu, ya saka wa malamanmu da alheri, ya ba mu ilimi mai amfani da sa'ar jarrabawa. Amin.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta makaranta.